Me ya sa waya ba ta kashe dillali ba?

Wani ɗalibi ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice. Mahaifinsa yana lodin shanu daga Arewa zuwa Kudu, kuma duk tafiya sai mai gida, wato mai masaukinsa a can, ya ci, dillali ya ci, kafin kuɗi ya iso hannun mai dukiya. Ya ce yanzu ga waya a aljihun kowa, ga tura kuɗi ta banki, me zai hana baban nasa ya haɗu da mahauci kai tsaye ya huta da la'ada? Ya ƙara da cewa a aji an koya musu wai ƙa'idojin da al'umma ke tafiya a kansu da kuma tsadar ƙulla mu'amala su ne ke juya tattalin arziki da siyasa, amma shi bai ga inda wannan karatu ya taɓa kasuwar kara ba.

To ƙanena, tambayoyin nan naka biyu ai guda ɗaya ce. Karatun da ka ce bai taɓa kara ba, a kara ya fi fitowa fili.

Mu fara da tirelar babanka. Ta iso Ibadan bayan kwana biyu a hanya, shanu sun galabaita, wani ma sai an ɗaga shi da wutsiya. Daga wannan lokaci kowace rana asara ce: kuɗin ciyawa, kuɗin ruwa, kuɗin yaran da ke tsaro, ga rama. Mahaucin da zai saya kuwa galibi ba shi da kuɗin sa uku ko huɗu a hannu, sai ya yanka ya sayar da nama sannan ya biya. Ka ga cinikin ya zama na bashi ke nan. Babanka bai san gidan mahaucin ba, bai san ko mutum goma ke binsa a wani gefen kasuwa ba, Yarbancinsa bai wuce na gaisuwa da ƙirga ba, kuma gida yake son komawa ya haɗa wani lodin. In mahaucin ya ƙi biya fa? Ka ce kotu. Lauya zai ci, za a ɗage zama, a sake ɗagewa, shi kuma yana Arewa, kowane zama sai ya biya kuɗin mota. Kafin a yanke hukunci abin da ya kashe ya haura kuɗin san.

Wannan duka da na lissafa ba farashin sa ba ne. Farashi shi ne abin da aka sallama a kai. Amma kafin sa ya bar hannu kuɗi ya shigo hannu, akwai wata ɗawainiya daban: cigiyar mai saye na gaske, tabbatar wa mai saye cewa dabbar lafiyayya ce kuma ba ta sata ba ce, taya da albarka har a daidaita, sannan babbar cikinsu, tsare alkawari bayan an rabu. Ita ce masana ke kira tsadar mu'amala. Ba ta ƙara wa sa ko kilo ɗaya na nama, amma in ta yi yawa ciniki ba ya faɗawa sam, ko da mai saye yana so mai sayarwa yana so.

Wanda ya fara ɗaukar wannan batu da muhimmanci shi ne Ronald Coase, Baturen Ingila, a wata maƙala ta 1937. Tambayarsa mai sauƙi ce. In har kasuwa ta iya daidaita komai da farashi, me ya kawo kamfani? Me ya sa mai masana'anta zai ɗauki ma'aikaci da albashin wata maimakon ya fita kowace safiya ya yi jinga da wanda ya fi araha? Amsarsa ita ce shiga kasuwar kanta tana da kuɗi. Idan neman mutum da yin ciniki da shi da sa masa ido sun fi tsada a waje, sai ka jawo aikin cikin gida ka riƙa ba da umarni. Dubi kamfanin simintin Dangote: yana da tirelolinsa, yana samar da wutarsa a masana'anta. Ba don sha'awar tuƙi ko lantarki ba ne. Inda ba za ka iya dogara da alkawarin wani ba, dole ka zama kai ne direba kai ne kwandasta. An ba Coase kyautar Nobel a 1991, shekara 54 bayan maƙalar. Douglass North, wanda ya samu tasa a 1993, shi ya ɗauki batun ya shimfiɗa shi a kan tarihi. Ya ce kowace al'umma tana da ƙa'idojin wasa, rubutattu kamar tsarin mulki da dokar ƙasa, da waɗanda ba a rubuta ba kamar al'ada da kunya da tsoron zubewar mutunci, haɗe da yadda ake hukunta wanda ya saɓa. Hukumomi da kamfanoni da jam'iyyu 'yan wasa ne kawai. Ƙa'idojin su ne ke sa tsadar mu'amala ta hau ko ta sauka. Wannan bambanci yana da amfani, domin mu a nan da an ce a gyara tsari sai a kafa sabuwar hukuma, a gina ofis, a sayi motoci. An ƙaro ɗan wasa, ƙa'ida tana nan yadda take.

Yanzu koma ga mai gidan babanka. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin Hausawan unguwar, wadda aka kafa a 1916. Abin da ya gani, in ka karanta wa babanka yau, zai ce ai haka abin yake. Baƙo ya sauka a gidan mai gida, a ba shi wurin kwana, a kawo masa tuwo daga cikin gida, a ajiye masa kuɗinsa. Mai gida yana da dillalansa a kara, waɗanda aikinsu na gaskiya ba surutun ciniki ba ne, sanin mahauta ne: wane ne ke biya a kan lokaci, wane ne ya fara tangal-tangal, wane ne ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa. Ana sayar da shanu bashi na 'yan makonni, kuma mai gida ne ke tsayawa. In mahauci ya gaza, baƙo ba mahauci ya sani ba, mai gidansa ya sani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi kuma mahaucin da ya ci amana sai masu gida su haɗa baki a daina sayar masa, kuma mahaucin da ba shi da sa ba shi da sana'a. Hukunci ne da ake zartarwa cikin kwanaki, ba lauya, ba ɗage zama.

Me ya hana mai gidan kansa ya gudu da kuɗin baƙi? Gidajensa suna nan, iyalinsa suna nan, kuma jarinsa duka sunansa ne. Labarin cin amana ɗaya ya isa Arewa, baƙinsa sun koma gidan wani. Saboda haka abin da babanka ke saye da la'ada ba nuna hanya ba ne. Yana sayen lamuni, yana sayen bayanin da aka tara shekara da shekaru a kan mutanen da bai sani ba, yana sayen kotun da ba ta ɗage zama. A can baya da ake kora shanu a ƙasa, ga ƙudan tsando da sammore a dajin Kudu, gaggawar sayarwa ta fi ta yau, kuma goron da ake aikowa Arewa shi ma ba ya jira: a bar huhu ba yayyafi ba sauya ganye, sankara ta shiga. Kayan da ba sa jira su ne suka fi buƙatar wanda za a amince wa.

Tsarin ya girmi Sabon Ibadan da nisa. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna shafe watanni a hanya, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasashen sarakuna daban-daban kafin su kai Salaga, a ƙasar Gana ta yau. Mutum ɗaya da jakunansa ba zai iya ba. Sai aka yi ayari, aka naɗa madugu, shi ne zai zauna da kowane sarki a daidaita kuɗin fito da na wucewa sau ɗaya a madadin ɗaruruwan mutane, ga jagaba a gaba, ga malamin ayari mai addu'a da rubutu. A kowane zango akwai mai masauki da ke jin Hausa kuma ya san mutanen gari. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin, suka bazu wasu garuruwan, kuma har yau unguwannin baƙi Musulmi a Kumasi da Ankara zango ake ce musu. Harshe ɗaya, addini ɗaya, shari'a ɗaya ta ciniki da gado: waɗannan su ne suka sa mutumin Kano zai iya ba mutumin da ke Kumasi kaya bashi. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912 aka shiga cinikin gyaɗa, kamfanonin Turawa suna da kuɗi amma ba su san manomi ko ɗaya a ƙauye ba. Dole suka koma ga waɗanda ke da yara da wakilai a ko'ina, su ba su kuɗin gaba. Alhassan Dantata, wanda ya fito daga fataucin goro, ta wannan ƙofa ya zama abin da ya zama.

Ni kam idan ina koyar da wannan darasi nakan tuna wa ɗalibai cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take: a rubuta, a sa marubuci mai adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Amma aka sassauta a kan cinikin hannu da hannu. Duba hikimar: inda alkawari zai ɗauki lokaci, nan aka tsaurara, inda ba jira, aka rage ɗawainiya. Ga kuma Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu. Mudun da kowa ya yarda da shi yana hana a riƙa rigima a kan kowace tiya. Waɗannan abubuwa kakanninmu sun yi aiki da su tun kafin wani ya ba su suna a jami'a.

Sai dai kada in yi ta yabon mai gida har ka ɗauka tsarin ba shi da aibu. Yana da shi, kuma babba. Amanar da ta dogara da sanayya iyakarta iyakar sanayya. Yaron da ba shi da uba a kasuwa, ba wanda zai tsaya masa, ko da ya fi kowa gaskiya da basira, ba zai samu kaya bashi ba. Mace ma haka a yawancin irin waɗannan sana'o'i. Wanda ba ɗan ƙabila ba an rufe masa ƙofa. Kuma da yake komai a kan mutum ɗaya yake, ranar da Alhaji ya rasu aka raba gado, sau da yawa kasuwancin ya rasu tare da shi. Sau nawa ka ji an ce gidan wane da can su ne masu garin nan? Avner Greif ya yi nazarin wasu Yahudawa 'yan kasuwa da ake kira Magribawa, waɗanda suka yi fatauci a tekun Bahar Rum a ƙarni na 11, daga wasiƙunsu da aka samu a ajiye a wata majami'ar Yahudawa a tsohuwar Alƙahira. Ya ga suna yin irin abin da masu gidan Sabo ke yi: wakilin da ya ci amanar ɗaya, duka su ƙaurace masa. Ya kwatanta su da 'yan kasuwar Jenowa ta Italiya, waɗanda suka fi dogara da rubutacciyar yarjejeniya da kotu, don haka suna iya ɗaukar wakilin da ba danginsu ba. Na farkon ya fi arha a cikin gida, na biyun ya fi nisan zango. Ƙasar da ta yi arziki ita ce wadda baƙo zai iya ba baƙo bashi, domin akwai na ukun da zai tilasta biya ba tare da ya san kowannensu ba.

Kuma kada ka zaci ƙasashen da suka ci gaba sun kori masu shiga tsakani. North da John Wallis sun ƙiyasta cewa a Amurka ɓangaren da aikinsa hidimar mu'amala ne, wato bankuna, inshora, lauyoyi, akantoci, dillalai da makamantansu, ya tashi daga kusan kashi 25 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a 1870 zuwa kusan kashi 45 a 1970. Dillalin bai mutu ba, ya sa kwat ne ya shiga ofis. Abin da ya sauka shi ne abin da kowane ciniki ɗaya ke ci, shi ya sa cinikin ya yawaita.

To waya fa? Waya ta yi aiki, ba na musu. A da babanka sai ya isa Kudu yake sanin farashi, yau yana ji tun kafin ya yi lodi. A da sai a ɗinke kuɗi a cikin riga ko a ba wani amintacce ya kawo, yau alat ne. Ta rage kuɗin cigiya, ta rage haɗarin ɗaukar kuɗi. Amma waya ba ta duba haƙorin sa, ba ta shaida cewa ba daga garken da aka kora a daji ya fito ba, kuma a wannan zamani na satar shanu shaidar dillali ta ƙara daraja ne, ba raguwa ta yi ba. Uwa uba, waya ba ta karɓo bashi. Mahaucin da ya ƙi biya kashe ta kawai zai yi. Ga alat na bogi da ya zo da tasa sabuwar fitinar. Ka tuna farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Hatsi yana nan, dabbobi suna nan, masu saye suna nan da kuɗinsu a banki, amma kasuwannin ƙauye suka tsaya cik. Mutane suka riƙa sayen naira da naira a wurin masu POS, kaya ɗaya ya zama da farashi biyu, na tsaba da na tiransifa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Ba abin da ya ragu a gona ko a garke. Tsadar musaya ce kawai ta tashi, kuma ta isa ta jefa mutane cikin yunwa.

Yanzu ga inda ya kamata haushinka ya koma. Masu cin kuɗi a tsakanin babanka da mahauci iri biyu ne, kuma talaka yakan haɗa su a kwando ɗaya. Akwai wanda ke karɓa don ya ɗauke maka wata wahala da ke nan tun asali. Akwai wanda ke ƙirƙiro wahalar don ya karɓa. Ka tambayi direban tirelar shinge nawa yake tsayawa tsakanin Arewa da Legas, rasit nawa yake yanka, na goro nawa yake miƙawa ta taga ba rasit. Mai shinge bai lamunce maka komai ba. Ya sa itace da ƙusa a hanya ne, yana sayar maka da ɗauke shi. In ka cire mai gida ciniki zai mutu. In ka cire wannan, nama zai yi sauƙi a Legas, sa ya yi daraja a Arewa. Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne: in wannan mutum ya ɓace gobe, wa zai yi aikinsa? In amsar ita ce ba aikin da za a yi, to ka gane shi.

Irin wannan shinge ba a kan titi kaɗai yake ba, yana cikin ofis. A 1983 wani masanin tattalin arziki mai suna Hernando de Soto da abokan aikinsa a Lima ta ƙasar Peru suka gwada yi wa ƙaramin shagon ɗinki rajista ta hanyar doka tsantsa. Ya ɗauke su kwana 289, an nemi cin hanci a wurinsu sau 10, sau 2 dole suka bayar don aikin ya motsa. Wanda ya ga haka ya ƙi rajista ba mai taurin kai ba ne, mai lissafi ne. Namu misalin shi ne fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma mai takardar mallaka ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. A Arewa abin ba sabo ba ne, ya samo asali daga dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962. Sakamakon kana ganinsa a kowace unguwar awon igiya: mutum ya sayi fili da takardar ciniki, shaidu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, ya gina gida na miliyoyi. A unguwa kowa ya san nasa ne. A banki kuwa ba shi da komai, ba zai karɓi rancen ko sisi da shi ba. Dukiya ce a kwance. Don haka in yana son jari sai ya koma ga adashi ko ga wani Alhaji, wato ga sanayya. Doka mai tsadar bi ita ce ke raya mai gida.

Me ya sa ba a gyara ba, tunda kowa ya san matsalar? Nan ne siyasa ta shigo. North da kansa ya fara da zaton cewa ƙa'ida marar amfani za ta mutu da kanta, daga baya ya janye. Ƙa'ida tana rayuwa ne in masu ƙarfi suna ci daga gare ta. Gwamnan da ke da ikon ba da fili da ƙwace fili yana riƙe da abin saka wa masoyi da ladabtar da ɗan adawa. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, tana nan a sashe na 315 na kundin 1999, saboda haka taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki, wadda ke buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, majalisun da kowa ya san bakin wa suke kallo. Sauya doka ma ciniki ne, kuma an tsawwala kuɗinsa da gangan. Ƙara da abin da Mancur Olson ya nuna a 1965: 'yan kaɗan masu cin riba mai kauri suna haɗa kai cikin sauƙi, miliyoyin da kowannensu ke asarar kaɗan-kaɗan haɗa su aiki ne ja. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ta shekara da shekaru tana sayen gyaɗar manoma ƙasa da farashin duniya, rarar tana tafiya ga gwamnati, kuma sai a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Manoma sun fi kowa yawa, amma tara su a inuwa ɗaya ya fi komai tsada.

Mulkin Turawa a Arewa ma lissafin nan ne. Bayan 1903 Lugard ba shi da jami'ai ko kuɗin da zai bi kowane gida ya karɓi haraji. Sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa sun san kowa da abin da ya mallaka. Sai ya mayar da su masu gidansa. Wanda ke tsakanin mai mulki da talaka, shi ke da bayani, shi ke da iko, kuma harajin da jangalin da suka riƙa karɓa sun zama abin da siyasar talakawa ta yi ta yaƙa har gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke su a 1979. A Sabon Ibadan ma masu gidan kara da na goro su ne manyan unguwa, su ke kewaye da Sarkin Hausawa. Cohen ya lura cewa lokacin da Turawa suka fara janye goyon bayansu ga sarautar unguwar a farkon shekarun 1950, mutanen Sabo suka shiga Tijjaniyya da yawansu har suka ware masallacin Juma'arsu, kuma ya fassara hakan da cewa wata sabuwar hanya ce ta riƙe haɗin kan da kasuwancin ya dogara da shi. Ni ina ganin ya rage wa imanin mutane daraja a wannan fassara, don ba wanda ke zaman wazifa saboda farashin sa. Amma cewa sahu ɗaya sau biyar a rana yana sa cin amana ya yi wuya, wannan ba a musa shi.

Zaɓe kansa ciniki ne na bashi: ka ba ni ƙuri'a yau, in yi maka aiki cikin shekara huɗu. Wa ya tsaya wa talaka a wannan bashi? Ba mai gida, ba shaidu, ba kotun da za ta karɓo masa alkawarin kamfe. Me ɗan kasuwa ke yi da mutumin da ba shi da lamuni? Ya ce hannu da hannu. Taliya da atamfa da 'yan kuɗin ranar zaɓe ba jahilci ba ne kamar yadda 'yan boko ke yawan faɗa, ba ni gishiri ne in ba ka manda, daga mutumin da aka sha cinye wa bashi. Ɗan takara shi ma ba zai iya ciniki da mutum miliyan ɗaya-ɗaya ba, sai ya nemi dillalai: shugaban mazaɓa, shugabar mata, jagoran matasa, uban gida a sama. Kowannensu yana da la'adarsa, kuma daga baitulmali ake biyanta bayan an ci.

Misalin da aka fi kawowa na ƙasar da ta warware irin wannan shi ne Ingila. Sarakunanta sun saba cin bashi su ƙi biya, kamar yadda Charles na Biyu ya dakatar da biya a 1672, don haka masu kuɗi suna gudunsu. Bayan juyin mulkin 1688 majalisa ta karɓe ikon haraji da na amincewa da rance, aka kafa Bankin Ingila a 1694. North da Barry Weingast sun nuna bashin gwamnati ya tashi daga kusan fam miliyan 1 a 1688 zuwa kusan miliyan 17 a 1697, kuma ruwan da ake caji ya yi ta sauka a shekarun da suka biyo baya. Sarkin da aka ɗaure wa hannu ya fi wanda ba a ɗaure ba samun rance, domin yanzu alkawarinsa yana da mai tsaya masa. Ba na cewa wannan kaɗai ya azurta Ingila. Cinikin bayi da mulkin mallaka suna cikin lissafin, kuma ƙa'idojin da suka kare dukiyar attajirin Landan su ne suka mayar da ɗan Afirka dukiya. Ƙa'ida tana rage tsada ga wanda aka rubuta ta dominsa.

Game da babanka, ga shawarata. Kafin ka ce masa ya bar mai gidansa, ku zauna da biro da takarda a kan lodi ɗaya. Ku rubuta la'ada a gefe guda, ku rubuta abin da aka kashe a shingaye da rasit-rasit a ɗaya gefen, ku ga wanne ya fi. Sannan ka tambaye shi sau nawa mahauci ya gaza biya a shekarun da ya yi yana wannan tafiya, kuma wa ya cika masa kuɗinsa. In akwai mahautan da ya daɗe da su har ya san gidajensu, kuma za su biya nan take kafin a ja sa, zai iya sayar musu kai tsaye, ko ya nemi ragin la'ada a kansu tunda babu lamuni a ciki. Waɗanda za su ɗauka bashi kuwa ya bar su a hannun mai gida. Kai da ka yi karatu, buɗe masa littafi: sunan mai saye, ranar ɗauka, ranar biya, wanda ya tsaya. Bayan shekara biyu za ku san da kanku wane mahauci ne za a iya ba sa ba tare da kowa ya tsaya masa ba.